Ranar da Kwamfutar Yaya Ta Rasa Adireshi

Ni na goge wa kwamfutar Yaya adireshinta, da yatsuna biyu, ba wanda ya aike ni. Shafin intanet ɗaya ne ya yi jinkirin buɗewa, ni kuma na daɗe ina neman dalilin da zai sa in buɗe baƙar tagar nan da Yaya yake rubutu a ciki, fararen lambobi suna gudu kamar kiyashi. Da dalilin ya zo, ko bismilla ban tsaya yi ba.

Gidanmu na Bukkuyum a da gida ne mai mutane. Baba ya rasu ina ƙarami, yayata mace ta yi aure a Nasarawa Burkullu, sannan babbanmu, Yaya, ya samu karatun likitan dabbobi a Sudan ya tafi. Aka bar ni da Inna da wata kaza da ba ta ƙwai, ba ta kuka, sai kallon mutane. Gidan ya yi mana yawa. In na yi atishawa a zaure sai in ji an amsa daga bayan gida, in ruga in duba, ashe ni ne.

Abu biyu Yaya ya bar mana. Na farko kwamfutarsa ta ɗorawa a cinya, tsohuwa, mai nauyin turmi, in ta yi zafi tana ƙara kamar injin niƙa. Na biyu wani ɗan akwatin intanet da bai fi sabulun wanka ba, da layin waya a cikinsa. Duk faɗin gidanmu wuri ɗaya akwatin yake kama sabis sosai: wata ƙusa da ke saman taga a ɗakin Inna. Can ake rataye shi, kwamfutar kuma tana ɗakin Yaya, bango ɗaya tsakani.

Kafin ya tafi ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce akwatin nan kamar mai unguwa ne. Duk lokacin da kwamfuta ta farka sai ta je gabansa ta roƙi adireshi, wasu lambobi da ake kira IP, ya ba ta. In ba ta da adireshi, saƙo ba zai san gidan da zai shiga ba. In abu ya cije, akwai layi ɗaya da ake rubutawa a baƙar taga ta ajiye tsohon adireshin, akwai na biyu da za ta roƙi sabo. Ya nuna mini duka biyun, sannan ya ce, "Amma kai kada ka taɓa." Ni dai abin da kunnena ya ji shi ne, ka bari sai na tafi.

Kowace Juma'a bayan la'asar Yaya yakan kira mu, fuskarsa ta cika allon. Sai dai shi ɗan fari ne, Inna kuwa ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. Haka aka yi mata tarbiyya, kuma ba ta ga dalilin da zai sa kwamfuta ta sauya wannan ba. Takan ɗauko faranti da shinkafar da ta riga ta tsince tun safe, ta zauna a gefe, rabin bayanta ga allo, ta ci gaba da tsintar abin da babu.

"Auta, tambaye shi ko shina cin abinci."

"Yaya, wai kana cin abinci?"

"Ce mata ina ci."

"Wai yana ci."

"Ƙarya shikai. Ga wuya nan kamar na zalɓe."

Ban taɓa kama ta tana kallonsa ba, amma ta san ranar da ya yi aski, ta san ranar da ƙurji ya fito masa a gefen hanci. Ni ne tafinta tsakanin mutum biyu da ke jin yare ɗaya, kuma ina ƙara gishiri yadda na ga dama. In ta ce ya riƙa sa hula, sai in ce wai ta ce kansa ya yi kama da ƙwarya. Yaya ya yi dariya, Inna ta jefe ni da ƙwayar shinkafa. Duk mako, lokacin nan ne kawai gidanmu yake komawa gida.

Dokar Inna ita ce ba a kunna akwatin sai Juma'a, don kada data ta ƙare. Dokata ni kuma ita ce in na shiga ɗakinta ɗauko wani abu, sai in yi miƙa, hannuna ya faɗa kan maɓallin bisa kuskure. In koma ɗakin Yaya in rufe ƙofa. Ba wani abin kirki nake yi ba. Nakan kalli ƙwallo kaɗan, amma yawanci hoton Yaya nake zuba wa ido, ina jiran ɗan ɗigon da ke gefensa ya zama kore, alamar yana nan. Ko ya zama koren ba na yi masa magana, don zai gane na karya doka. Ina zaune dai, shi yana can, ni ina nan, ɗigo yana kore.

A wata Juma'a ta farkon damina ya gaya mana cewa kira ɗaya ya rage. Za a tura su daji wajen masu kiwon raƙuma su koyi aiki, inda ko rediyo sai an hau tudu, kuma ba za su dawo gari ba sai bayan kaka. Juma'a mai zuwa ita ce ta sallama. Inna ta sunkuya kan farantinta. Ta tsince shinkafar nan har na ji tausayin shinkafar.

A makon ne aka yi ruwa mai ƙarfi, rufin ɗakin Inna ya fara yoyo, kuma duk faɗin rufin bai ga inda zai ɗiga ba sai daidai kan ƙusar nan. Inna ta sauke akwatin ta goge shi da bakin zanenta. Ta naɗe shi a kallabi, ta sa a ƙaramar samira ta rufe, ta sa samirar a cikin babbar kwallar da ke ƙasan jerenta, ta rufe, ta mayar da sauran kwanukan a kai. Duk abin da Inna take ji da shi a kwallar nan yake kwana: carbin Baba, 'yan kunnenta na aure, da wani turare da take cewa ya fi ni shekaru. Shiga cikinta girma ne. Ni kaina da zan shiga da tuni ta sa ni.

Ranar da ta tafi barkar haihuwa a maƙwabta, na sauke kwanukan nan ɗaya bayan ɗaya ba tare da ko ɗaya ya yi tari ba. Na kunna akwatin, 'yar fitilarsa ta kama. Sai na naɗe shi, na mayar cikin samira, na rufe, na mayar cikin kwalla, na rufe, na jera komai yadda na same shi, don ko ta dawo ba za ta ga alama ba. Har yaba wa kaina na yi. Na je ɗakin Yaya, shafi ya ƙi buɗewa, na buɗe baƙar taga na rubuta layin farko. Lambobin suka koma sifili, sifili, sifili. Na ji wani daɗi kamar na tuƙa jirgi. Na rubuta na biyu na jingina da bango.

Wani ɗan farin layi da ke ƙarshen rubutun ya yi ta ƙiftawa. Na jira har kazar ta shigo ta dube ni ta fita. Can sai ga dogon Turanci ya fito. Iya abin da na fahimta shi ne, kwamfutar ta kira mai ba da adireshi, ba wanda ya amsa. Na sake rubutawa, ta sake faɗa. Daga baya ma, da ta gaji da jira, sai ta ƙirƙiro wa kanta wani adireshi ta zauna a ciki, adireshin da ba kowa a unguwar, ba mai zuwa ba mai fita. Na dube ta na ce, sannu, 'yar uwa.

Ba abin da ban yi mata ba a kwanakin da suka biyo baya. Na kashe na kunna har maɓallin ya san zanen yatsana. Na cire batirin na hura masa iska. Na rubuta layin da manyan baƙaƙe, na rubuta da ƙanana, na rubuta a hankali yadda ba za ta ji an matsa mata ba. Na sa ta manta da akwatin na sake gabatar da su. Na shanya ta a rana. Na juya ta gabas. Na yi mata tofi, sannan na goge da hannun riga don kada danshi ya ƙara lalata ta.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wannan. Duk lokacin da Inna ta fita, na sauke jere na buɗe samira don in tabbatar akwatin yana kunne, ina tsaye da murfi a hannu sai in ji "ƙilin" daga ɗakin Yaya, ƙarar shigowar saƙo. Sai in rufe da sauri, in jera kwanuka, in ruga. Ina zuwa in tarar da ita shiru, ba adireshi, ba komai. Aka yi haka ya fi a ƙirga. Na yanke hukunci cewa kwamfutar lafiyarta ƙalau da kowa, ni ne ba ta son gani. Har saɗaɗowa na gwada, da rarrafe, don kada ta ji takuna.

Na saci ƙaramar wayar Inna na kira wani abokin Yaya da ke Anka, wanda ya san kan irin waɗannan abubuwa.

"Akwatin na kunne?"

"Yana kunne."

"Fitila ta kama?"

"Ta kama."

"Shina inda aka saba aje shi?"

"Yana ɗakin Inna," na ce, kuma ban yi ƙarya ba.

"To kai ka ɓata ta, sarkin taɓe-taɓe. Ka kai ta Gummi a duba."

Na so in gaya wa Inna. Sau da yawa na buɗe baki. Amma ranar Alhamis na tarar ta wanke atamfarta mai ruwan ganye ta shanya, da yamma kuma ta kwaɓa lalle ta ƙunsa a ƙafa. Na ce, "Inna, biki za ki?" Ta ce, "Sai da biki mutum ka wanke tufahinai?" Ƙafar da ko a allon ba za ta fito ba. Na haɗiye maganata.

Dabarar da na yi ita ce in tafi Gummi da sassafen Juma'a, a gyara, in dawo kafin a shiga masallaci, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Da yake muna hutu, na sa kwamfutar a jakar makaranta, na ce wa Inna zan je bitar karatu wajen abokina. Ta dube ni, don ba ta taɓa jin kalmar bita daga bakina ba, amma ta ce in dawo da wuri. A mota aka matse ni tsakanin buhun gero da wani rago da ya yi ta shinshinar jakar har muka isa.

Mai gyaran yana wani ɗan shago kusa da tasha, wayoyi a buɗe a gabansa kamar kifin da aka feɗe. Ya karɓi kwamfutar da hannu biyu ya yi nishi.

"Wagga ai kakar kwamfutoci ta. Mi ya same ta?"

"Adireshinta ya ɓata, Oga."

"Da kainai ya ɓata, ko wani ɗan albarka ya raka shi?"

Na ce iska ce. Ya ce ya san iskar, tana da kunnuwa manya kuma tana rataye da jakar makaranta ranar da ba makaranta. Ya haɗa ta da akwatin shagonsa, ya buɗe baƙar tagar, ya rubuta layin nan dai da na rubuta har yatsuna suka yi kanta. Kafin in ƙifta ido lambobi suka cika allo. Saƙonni suka yi ta shigowa, ƙilin, ƙilin, ƙilin, kamar an ɓarar da kwanon tsaba.

"Lahiyatta lau," ya ce. "Can gida matsalar take. Ka tahi ka duba akwatinku."

Na ce akwatinmu yana wuri mafi tsaro a duk ƙasar Zamfara. Bai tambaye ni wane wuri ne ba, ni ma ban faɗa ba, don wani mai waya ya shigo yana faɗa wai an sauya masa batir.

Ina fitowa na ga gabas ta yi baƙi. Kafin in kai tasha aka tsuge da ruwa. Na yi Juma'a a Gummi jakar tana ƙirjina, ina ta addu'ar a ɗauke ruwa, manoman da ke sahu ɗaya da ni suna addu'ar a ƙara. Su aka amsa wa. Da na koma tasha direbobi suka ce wani rafi da ke kan hanya ya cika ya haura, ba mai tashi sai ya sauka. Na roƙi wani mai babur, ya ce ko uwarsa ce ke jira a ƙetare sai dai ta yi haƙuri. Na rasa inda zan sa kaina, na koma shagon mai gyara na raɓe a gefen benci. Ya ba ni wuri. Aka kira la'asar muka yi a nan cikin shagon, ruwa yana dukan kwano.

Na buɗe kwamfutar don in rubuta wa Yaya cewa ya jinkirta. Ban gama layin farko ba ta fara ƙara. Hotonsa ya cika allon, ɗigon nan kore shar. Na danna.

Ya yi aski. Ya sa hula. A bayansa ga jaka a ɗaure a kan gado.

"Auta! Ina ne nan? Wane ne wancan?"

Mai gyara ya ɗaga masa hannu da ƙarfen walda.

"Gummi," na ce.

"Gummi? Ina Inna?"

Duk ƙaryar da na tanada a mota ta gudu ta bar ni. Na gaya masa komai, tun daga layin farko. Da na zo kan samira da kwalla sai ya rufe ido ya dafe hular. Mai gyara kuwa ya ajiye ƙarfensa ya yi dariya har da tari, yana cewa an rufe mai unguwa a tukunya biyu an ce ya yi shari'a. Yaya ya ce ƙarfe ba ya barin sabis ya shiga ko ya fita, kwamfutar tana ta kira ne akwatin ba ya ji. Da na rataye shi a ƙusa, ko na bar murfin a buɗe, da shi ke nan. Bai yi mini faɗa ba. Na so ya yi.

Na sha raya wa kaina cewa in na samu Yaya ni kaɗai, ba aike, ba tafinta, hirar da za mu yi sai batir ya mutu. Ga shi na same shi. Na duba gefena inda faranti yake zama, sai tarin matattun wayoyi. Ba wanda zai ce in tambaye shi ko yana cin abinci. Na tambaye shi da kaina, ya ce yana ci, maganar ta ƙare a nan. Ya tambayi karatu, na ce lafiya. Ya tambayi kazar, na ce tana nan tana kallon mutane. Ya ɗan yi murmushi.

"Ta sa atamfar?" ya ce.

"Ta wanke tun jiya. Har da lalle."

Ya kau da kai ya dubi wani abu a bango na ɗan lokaci. Aka yi masa magana daga waje da Larabci, ya amsa. Ya ce motarsu ta zo, zai kira wayar Inna daga hanya kafin sabis ya yanke. Ya matso da fuskarsa kusa da allon ya ce, "Dube ni da kyau, ka je ka gaya mata yadda ka gan ni. Kada ka ƙara gishiri." Na dube shi da kyau. Wuyan yana nan kamar na zalɓe.

Rafin bai sauka ba sai da rana ta yi ja. Na shiga gida ana kiran magariba, jiƙe, takalmi ɗaya a hannu. Inna tana zaune a ƙofar ɗakin Yaya cikin atamfa mai ruwan ganye, ƙaramar wayarta a cinya. Ta tagar ɗakinta na hango akwatin a rataye a ƙusarsa, ta kifa masa 'yar leda saboda yoyo, fitilarsa tana ƙiftawa. Da kanta ta kunna shi, ita da take cewa ba ta san inda ake dannawa ba.

Na durƙusa na fara bayani. Ta ce, "Tashi ka sauya tufa, ka yi salla."

"Inna, ya kira ki?"

"Ya kira."

"Me ya ce?"

"Mi za ya ce? Na ce Allah shi kiyaye hanya."

Na san yadda kiran ya kasance. A waya ba gefen da za ta zauna, ba wanda za ta aika. Da ƙyar in ta yi masa kalma goma.

Bayan na yi salla na zo na zauna kusa da ita na ce na gan shi. Ba ta juyo ba. Na ce ya yi aski, ya sa hula, jakarsa a ɗaure tsaf, ɗakinsa a share. Ta ce, "Ya rame?" Na ce kaɗan. Ta ce, "Wace hula?" Na ce shuɗiya, mai zanen nan, wadda ta saya masa. Ta gyaɗa kai ta tashi ta shiga ɗora tuwo da atamfar a jikinta.

Na buɗe kwamfutar a nan inda Inna take zaune ɗazu. Ban rubuta komai ba, ban buɗe wata taga ba. Kwamfutar ta gaida akwatin, ya ba ta adireshi nan take. Ɗigon da ke gefen hoton Yaya ya koma toka-toka. Haka ya zauna har aka yanke gero aka kai rumbu, sannan Inna ta sake ganin fuskarsa.